Garin Asali da Binciken Salsalar Zuriya a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

 Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne yadda jingina zuriya ga gari ɗaya ke sarrafa binciken salsala, watau neman sanin wa ya haifi wa, a ina, kuma a wane zamani. Batun ya shafi kusan kowa a zauren nan. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan tarihin gidansu zai ci karo da shi. Haka nan ma'aikacin da ake kawo wa takardar shaidar asali don ya sa hannu, da alƙalin da ke raba gado, da majalisar da ke tace masu neman dagaci ko hakimci.

Idan Bahaushe ya gamu da baƙo, tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce, "Mutumin ina ne?" Sai an amsa wannan kana ya ce, "Ɗan gidan wa?" Gari ke gaba, gida na biye. Wannan jeri yana bin mai bincike har cikin aikinsa. Garin da iyali suka kira nasu shi ke buɗe masa ƙofar shaidu, shi ne kuma ke yanke masa inda labari zai tsaya. Abin da nake so in kafa a wannan lacca shi ne, ya kamata a ɗauki garin asali a matsayin zango mafi tsawo a cikin doguwar tafiyar zuriya. Wanda ya ɗauke shi mafarin tafiyar, rabin tarihi zai rubuta.

Suna da Gari

Bari mu fara da suna, gama shi ne abu na farko da mai bincike ke riƙewa. A al'adar Hausawa ta dā babu sunan zuriya da ake gada daga kaka zuwa jika. Mutum yana da sunan yanka, a bi shi da sunan uba, ko sana'a, ko laƙabi. Da aka buɗe makarantun boko, musamman Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, sai aka tara yara masu suna iri ɗaya daga larduna dabam dabam, aka riƙa bambanta su da sunan garin da suka fito. Ta haka gari ya shiga rajista a gurbin zuriya. Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Shehu Shagari, duk sunan gari ne ke biye da nasu.

Misalin da ya fi nuna abin da wannan al'ada ke ɓoyewa shi ne na Sardaunan Sakkwato. A Kwalejin Katsina da sunan Ahmadu Raɓa aka san shi, domin a Raɓa aka haife shi. Wanda ya tsaya ga rajistar makaranta zai ce mutumin Raɓa ne, ya rufe littafi. Amma kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raɓa, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi kuwa Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, ya tashi a Ɗagel, kuma littattafan gidansu sun kai nasabarsu ga Musa Jakollo, wanda ya taso daga Futa Toro ya sauka a wajejen Ƙonni. Ga Raɓa, ga Sakkwato, ga Ɗagel, ga Maratta, ga Ƙonni, ga Futa Toro: wurare shida ke nan a bayan suna ɗaya. Mun san su ne domin gidan malamai ne masu rubuta nasabarsu. A yawancin gidaje na ƙarshen kaɗai ake riƙe da shi.

Saboda haka tilas ne mai bincike ya rarrabe abubuwa uku da baki ke gwamutsawa. Akwai mahaifa, inda aka binne cibiyar mutum. Akwai mazauni, inda ya yi sana'a ya biya haraji. Sa'an nan akwai asali, watau wurin da iyali suka yarda a jingina su gare shi. Na farko da na biyu ana iya tabbatar da su da shaida. Na uku kuwa akwai zaɓi a cikinsa, kuma ruwa ba ya tsami banza: kowane zaɓi yana da dalili.

Abin da Gari Ɗaya ke Tara wa Mai Bincike

Wanda zuriyarsa ta daɗe a gari ɗaya lalle ya yi sa'a, domin shaidunsa suna wuri guda, suna kuma gyara juna. Mu ɗauki birnin Kano.

Shaida ta farko unguwa ce. Sunayen unguwannin tsohon birni kansu littafin tarihi ne. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, kowacce ta faɗi mutanenta. Ayagi ta Yarbawa ce. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan arewacin Afirka ne, tun zamanin da kalmar Turawa ke nufin su. Madabo kuwa an san ta da malaman Wangarawa. Idan tsohon gidan zuriya yana ɗaya daga cikin waɗannan, to, mai bincike ya sami alama tun bai tambayi kowa ba.

Ta biyu sarauta ce da sana'ar gado. Inda akwai abin da ake gada, nan ake kiyaye sunayen magabata, domin jerin sunayen shi ne hujjar mai nema. A Kano sarautar Madaki ta Yolawa ce, Makama ta Joɓawa, Sarkin Bai ta Dambazawa, gidan sarki kuwa na Sulluɓawa tun hawan Ibrahim Dabo a 1819. Haka abin yake a ƙasa, a gidajen limamai, da na Sarkin Maƙera, da Sarkin Fawa, da Sarkin Aska. Gidan da ke da sarauta yakan iya lissafa kakanni bakwai ko takwas. Gidan manomi ko ɗan koli sau da yawa a na uku ko na huɗu lissafi ke yankewa.

Ta uku kotun alƙali ce. Rabon gado bisa shari'a yana bukatar a ambaci magada duka, har matan mamaci da 'ya'yansa mata, saboda haka littafin shari'a yana riƙe da sunayen da bakin maza ke tsallakewa. Akwai littattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, da Larabci aka rubuta su, kuma Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓun shari'u daga ciki ya buga a 1994. A wajen takardun Turawa kuma akwai rahotannin kimanta haraji na gunduma gunduma da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, inda jami'an mulki suka rubuta abin da dagatai suka faɗa musu game da wanda ya sari gari da inda ya fito. Abin lura shi ne, duk waɗannan takardu bisa lardi da gunduma da gari aka jera su. Ba a neman mutum a cikinsu da sunansa. Wanda bai san gari ba, ba shi da mabuɗi.

Ta huɗu ita ce kalandar gari. Rajistar haihuwa ta tilas a dukan Nijeriya sai a 1979 aka fara kafa dokarta, don haka kakanninmu ba su bar takardar haihuwa ba. Abin da suka bari shi ne jingina haihuwa da aure da mutuwa ga abin da ya faru a garinsu. Tsohon Bakane zai ce an haifi ubansa lokacin Basasa, watau 1893 zuwa 1895, ko shekarar zuwan Turawa, 1903, ko da jirgin ƙasa ya iso, 1911, ko cikin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Wani zai ce zamanin Usmanu, watau 1919 zuwa 1926, ko farkon sarautar Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953. Wannan kalanda ba ta aiki a wajen ƙasar da aka yi ta. "Zamanin Abdullahi" a Kano dabam, a wani gari dabam. Wanda ya san jerin sarakunan garin da abubuwan da suka auka masa, shi ke iya mai da "zamanin wane" ya zama shekara.

Inda Gari Ɗaya ke Rufe Ido

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Da zarar zuriya ta kafu a gari, ta sami gida da gona da mutunci, sai tunaninta ya fara daga nan. Labari yakan soma da "kakanmu da ya zo garin nan", abin da ya gabace shi kuwa a dunƙule shi cikin kalma ɗaya, a ce daga gabas ya zo, ko daga Barno, ko daga arewa.

Fataken goro sun ishe mu misali. Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro wanda aka buga a Zariya a 1980, ya nuna cewa ƙungiyoyi uku suka riƙe wannan fatauci tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Dukansu Hausa suke ji, a garuruwan Hausa suke zaune, amma kowace tana da asalin da ya gabaci garin. Agalawa da Tokarawa daga jama'ar ƙasar Abzinawa suka gangaro zuwa karkarar Katsina da Kano. Kambarin Barebari kuwa, waɗanda cibiyarsu take Gummi, daga Barno suke jingina kansu. Auratayya a tsakaninsu da amanar ciniki su suka riƙe musu wannan asali.

Dubi Alhassan Ɗantata, wanda Ba'agale ne. Duniya ta san shi attajirin Kano, a Kano ya rasu a 1955. Amma a Bebeji aka haife shi a 1877. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya kawo iyalin Madobi, mahaifinsa Abdullahi ya zauna Bebeji, mahaifiyarsa kuma bayan rasuwar mijinta ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta ci gaba da kasuwanci. A cikin haihuwa uku kawai iyalin sun taɓa Katsina, Madobi, Bebeji, Ankara da birnin Kano. Mai binciken da ya zauna a unguwa ɗaya a cikin birni zai sami ƙarshen labarin kaɗai.

Wasu magabatan sun sauƙaƙa mana aiki da suka jera garuruwan a cikin sunansu. Alhaji Umaru na Kete-Karaci, malami kuma mawallafi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 ya rasu a 1934, ana rubuta sunansa da nisba uku: al-Kabawi, al-Kanawi, al-Salgawi. Watau Bakabe ta wajen iyaye, Bakane ta wajen haihuwa, mutumin Salaga ta wajen zama. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya koma Kete-Karaci, sunan da aka fi saninsa da shi ke nan. Rubuce-rubucensa ma haka suka rarrabu, wasu a Jami'ar Gana da ke Legon, wasu sun bi jami'an Jamus da ya yi hulɗa da su zuwa Turai. Da nisba ɗaya ya bari, da an neme shi a gari ɗaya.

Ko a inda akwai rubutaccen tarihi, gari da zuriya ba kullum suke faɗin abu ɗaya ba. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Amma littafin da zuriyar Wangarawan suka rubuta game da kansu, Asl al-Wangariyin, mai ɗauke da shekarar 1061 ta Hijira, watau wajen 1650, wanda Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, ya sa zuwan shugabansu Abdurrahman Zagaiti a zamanin Muhammadu Rumfa, kimanin shekara ɗari bayan Yaji. Littafin gari yana ba da labarin sarakuna ne, baƙi suna shigowa inda suka dace da labarin. Littafin zuriya kuwa yana kafa darajar gidan ne. Aikin mai bincike shi ne ya ajiye su gefe da gefe, ya tambayi abin da kowanne ke son tabbatarwa.

Garin da Ya Tashi da Kansa

Akwai wata matsala da ba a cika kula da ita ba, ita ce shi kansa garin yana ƙaura. Ƙasar Hausa cike take da kufai. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watsu, daga baya suka sake kafuwa a Tsibiri da Sabon Birni. Sarakunan Haɓe na Katsina, bayan sun rasa birninsu wajen 1807, a Maraɗi suka tare, suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Na Zazzau suka yi kudu, Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, sarkinta yana amsa Sarkin Zazzau. Wannan gari shi ne Suleja ta yau, bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya. Kabawa kuma daga Birnin Kabi suka koma Argungu.

Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, idan tsoho ya ce, "Mu Katsinawa ne," ko "Mu Zagezagi ne," sai a tambaye shi wace Katsinar, wane Zazzau ɗin. Daɗin daɗawa, iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba takardun zuriya ɗaya gida biyu: na ɗan'uwan da ke Jibiya da Ingilishi a Kaduna, na wanda ke Maraɗi da Faransanci a Yamai. Ko a cikin Nijeriya, Gummi ta kasance a Lardin Sakkwato, ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, Jihar Zamfara a 1996. Garin bai motsa ba, amma ofishin da ke riƙe da fayilinsa ya sauya sau da dama.

In aka yi nisa da gida kuwa, sai asali ya ƙara dunƙulewa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Sunan Wurno ya bi su can. Amma a idon mutanen Sudan, Bakane da Basakkwace da Babarbare duk Fallata ne ko Takari. Jikan da aka haifa a can yana iya riƙe da sunan gari ɗaya tak, ba unguwa, ba gida. Wannan sunan shi ne igiyar da ta rage masa, saboda haka kada a raina ta, kada kuma a ɗora mata kayan da ba za ta ɗauka ba.

Waɗanda ke Ɓacewa

Mu yi ɗan lissafi. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, a bayansu 8, sai 16, sai 32. Idan aka ba kowace haihuwa kimanin shekara 30, hawa na biyar ya kai mu shekara 150 baya. Daga cikin mutum 32 da ke wannan hawa, ɗaya ne kaɗai ke kan layin uba zuwa uba, kuma garinsa ne muke kira garinmu. Sauran 31 suna da nasu garuruwan. Su wane ne ke faɗuwa daga lissafi?

Na farko mata. Mace takan bar gidan ubanta, sau da yawa ta bar garinsu, jikokinta kuma da sunan "Kaka" ko "Iya" suka san ta. Kunya ma tana ƙara rufe suna, tun da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji. Amma kuma mata su ne taskar zumunci, su ke zuwa biki da suna, su suka san wa ya auri wa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna haka ƙarara. Baba Hausa take ji, amma ta san danginta Barebari ne, ta kuma jero aure da ƙaura da riƙon 'ya'ya na dangi dalla-dalla.

Na biyu 'ya'yan riƙo da almajirai. Yaron da goggonsa ta riƙe, ko wanda aka ba malami ya tafi da shi gabas, yakan tashi da sunan mariƙinsa da garin mariƙinsa. Bayan haihuwa biyu sai riƙo ya rikiɗe ya zama haihuwa a bakin mutane.

Na uku waɗanda bauta ta raba da ƙasarsu. A ƙarni na 19 an kafa rumada masu yawa a ƙasashen Kano da Zazzau da Sakkwato, mutanen da aka zaunar a ciki kuma zuriyarsu ta ɗauki harshe da garin da ta tarar. A nan bincike yana bukatar hattara da ladabi. Abin da iyali ba su so a faɗa, ba a tallata shi. Amma kuma ba a ƙirƙiro musu wani kaka don rufe gurbi.

Akwai kuma maimaita suna. Ana mai da wa jika sunan kakansa, a riƙa ce masa Abba ko Baba don sakayawa. Idan Muhammadu ya haifi Abdullahi, Abdullahi ya haifi Muhammadu, shi kuma ya haifi wani Abdullahi, bayan zamani sai mutum huɗu su koma biyu a bakin mai ba da labari. Alamar haka ita ce a ce kakan mutum na biyu ya ga abin da ya faru shekara ɗari uku da suka wuce. Lissafin shekara 30 shi ke tona wannan.

Takardar Asali da Gaskiyar Bincike

A nan nake so ma'aikatan gwamnati su ba ni hankalinsu. Tun daga tsarin mulkin 1979 aka shigar da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa. An kafa hukumar kula da wannan rabo a 1996, tsarin mulkin 1999 kuma, a sashe na 147, ya wajabta a naɗa minista aƙalla ɗaya ɗan asalin kowace jiha. Daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin shiga makaranta, da samun tallafin karatu, da ɗaukar aiki. Takardar tana da gurbin gari ɗaya kaɗai.

Sakamakon haka shi ne, faɗin cewa kakan mutum daga wani wuri ya zo ya zama abin tsoro. Tsohon da a dā zai yi alfahari da cewa ubansa falke ne daga Barno, yau yana iya yin shiru don kada a hana jikansa takarda. Mai neman sarauta kuma yana da dalilin tsawaita zaman gidansu a gari, abokin takararsa yana da dalilin gajarta shi. Wannan yana gurɓata shaidar baka tun daga tushe. Wajibi ne mai bincike ya san yanayin da ake ba shi labari a ciki, ya kuma tabbatar wa mai ba shi cewa tarihi yake nema, ba ƙara ya kawo ba. Ma'aikaci kuwa ya kamata ya tuna cewa, in da za a bi kowace zuriya har ƙarshe, da kaɗan ne za su tsira daga sunan baƙo, har da gidajen sarauta, waɗanda labaran kafuwarsu da kansu da zuwan baƙo suke farawa.

Hanyar Aiki

Daga abin da ya gabata, ga abin da nake ba ɗalibai shawara da shi.

A fara da garin da iyali suka ambata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A je tsohon gida, a ga unguwa, a san maƙwabta na dā, a gai da mai unguwa da liman. A tambayi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, gama a taro maganar babba ake bi. A fara da mafi tsufa, kuma kada a bar tsofaffin mata.

Ga kowane suna a rubuta abu huɗu: inda aka haife shi, inda ya zauna, inda aka binne shi, da garin uwarsa. Idan aka zo kan wanda aka ce shi ya fara zuwa garin, kada a tsaya. A tambayi wa ya sauke shi, wace sana'a ya zo da ita, daga ina aka kawo masa mata, ina yake aikawa in an yi rasuwa.

A kula da shaidun da ba magana ba ne. Tsagar fuska ta gado, ko da yake al'adar tana gushewa, tsofaffin wanzamai suna karanta ta, su faɗa maka ta Gobirawa ce ko ta Kabawa ko ta Barebari. Wasan barkwanci ma shaida ne. An san wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zagezagi. Gidan da ke cikin Kano amma yake wasa da Yarbawa wasan gado, akwai abin tambaya a kansa. Haka nan kirarin gida, da bayan tsofaffin littattafan Larabci, inda marubuci kan sa sunansa da na ubansa da garinsu.

Sa'an nan a gwada baki da takarda, a Kaduna, a Gidan Arewa, a Gidan Ɗan Hausa na Kano, a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka shigo da shi a zamanin nan yana iya nuna ko mutum biyu jininsu ɗaya, amma ba ya faɗin sunan gari ko unguwa. Tsoho da takarda su ke da wannan. A ƙarshe, inda shaida ta ƙare a rubuta cewa a nan ta ƙare, a rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka ji.

Kammalawa

Garin asali shi ne ya tsare wa zuriya sunaye, da kaburbura, da sarauta, da kalandar da ake auna shekaru da ita, kuma ba a shiga binciken salsala a ƙasar Hausa sai ta ƙofarsa. Amma mutanen da suka gina garuruwan nan fatake ne, da malamai, da makiyaya, da masu gudun yaƙi da yunwa, da matan da aka kawo aure daga nesa. Mun ga wurare shida a bayan sunan Raɓa, biyar a tarihin gidan Ɗantata, nisba uku a sunan Alhaji Umaru. Duk ɗalibin da ya koma gida da littafin rubutu, ya sa a ransa cewa a bayan garinsu akwai wani gari, ya tambaye shi tun masu iya ba da amsa suna raye.